Bandejin Gwaggo Ba Ya Bushewa

Shekara goma sha tara ke nan ina aiki a ɗakin wankin ciwo na asibitinmu. Na ga gyambo iri-iri, na ga ƙuna, na ga saran adda, na ga ɗinkin tiyata da ya farke. Yawancinsu nakan manta da su da zarar sun warke. Ƙafar Gwaggo ce ta ƙi fita daga raina, ita ce kuma ta sa na zauna rubuta wannan.

Ranar wata Litinin aka fara kawo ta. Mace ce da ta haura sittin, gajera, siririya, hannayenta sun fi sauran jikinta tsufa. Ƙaninta ne ya kawo ta a motarsa, wani mutum mai tumbi da furfura a gemu, amma ita Auta take ce masa, shi kuma yana ce mata Yaya. Gwaggo sunan da 'ya'yansa ke kiranta ne, ya biyo ta har asibiti, mu ma muka kama.

Dutsen guga ne ya zame daga tebur ya faɗo mata a bayan ƙafar dama, kusa da idon sawu. Ƙunar ba ta fi tafin hannun jariri ba. Da na duba katinta na ga tana da ciwon suga, sai na jawo kujera na zauna na yi musu bayani su biyun, don na san ƙaramin ciwo a ƙafar mai suga ba ƙarami ba ne.

Na gaya musu ba magani ke warkar da ciwo ba, jiki ne ke gyara kansa, mu share masa hanya kawai muke yi. Kwanakin farko wurin zai kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, lokacin jiki na kwashe datti da mataccen nama. Bayan nan sabuwar tsoka za ta fara tsirowa daga ƙasa, jajir da ita, ƙwaya-ƙwaya. In ta cike ramin sai fata ta fara rarrafowa daga gefe, siririya kamar ɓawon albasa, har ta haɗe a tsakiya. Amma duk wannan aikin da jini ake yin sa, jinin mai suga kuwa ba ya isa ƙafa yadda ya kamata. Saboda haka kada ruwa ya taɓa bandejin, kada ta daɗe a tsaye, in ta zauna ta ɗora ƙafar a kan matashi. Ta kuma riƙa cin ƙwai ko wake ko kifi, don da abinci jiki ke gina nama.

Auta ya yi ta gyaɗa kai. Ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi, Yaya uwa ce a wurinsa, ko ƙuda ba zai bari ya sauka a ƙafar nan ba. Gwaggo ta yi dariya ta ce in ji shi da baki, tun yana ƙarami haka yake.

Nakan ɗora farar leda a kan ciwo in zana girmansa da biro, in rubuta kwanan wata, in ajiye a fayil. Zanen Gwaggo na mako na biyu ya shige cikin na farko tsaf. Tsoka ta fito jajir, gefen ciwon ya fara yin fari-fari da sabuwar fata. Na nuna mata, ta ce ita ba ta ga komai ba sai jan nama, na ce wannan jan shi muke nema. Na ce in aka ci gaba a haka, nan da wata guda mun rabu.

A mako na uku ta zo ita kaɗai a babur mai ƙafa uku. Tun kafin in sa almakashi na ji bandejin ya yi nauyi. A jiƙe yake, kuma ba ruwan ciwo ba ne, ƙamshin sabulun wanki yake yi. Da na buɗe na tarar fatar gefen ta yi fari ta yi laushi kamar yatsun wanda ya daɗe a cikin ruwa, jan naman ya koma toka-toka, ƙafar ta kumbura har takalmin ya zauna mata a jiki. Na tambaye ta me ya faru, ta ce ruwa ne ya fantsal mata wajen wanke hannu. Na ce ruwan wanke hannu ba ya kumbura ƙafa. Sai da na gama wankewa da ruwan gishiri, na rufe, na ƙi miƙa mata katinta, sannan ta buɗe baki.

Ashe wanki da guga ake yi a gidan Auta. Matarsa ce ta samo kwangilar wani otal: zannuwan gado, rigunan matashi, tawul, labule. Da safe mota ta kawo masu datti, washegari ta kwashi gogaggu. Akwai injin wanki guda ɗaya, amma ba ya ɗaukar kayan duka, kuma in babu wuta da hannu ake yi. Gwaggo ce mai wankin, ita ce mai shanya, ita ce mai guga. Bayan ƙunar an ba ta kwana goma sha biyu, kaya suka taru, otal ya fara ƙorafi, sai aka ce ai ta ji sauƙi.

Na tambaye ta awa nawa take yi a tsaye. Ta ce ita ba ta duba agogo, ta dai san tana farawa kafin yara su fita makaranta, ta gama bayan sun dawo sun ci sun huta.

Na karɓi lambar Auta na kira shi. Sai a kira na uku ya ɗauka, ya zo bayan kwana huɗu, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Na nuna masa zanen nan uku. Na ukun ya fi na farko girma. Ya duba kamar mai duba takardar da ba tasa ba, sannan ya fara. Ya ce wallahi babu mai sa Yaya aiki, ita ce ba ta iya zama, in an hana ta ma fushi take yi. Ya ce matarsa na fama da ciwon baya tun haihuwar ƙarshe. Ya ce yaran karatu ke gabansu, biyu suna jami'a, ɗaya na shirin jarrabawa, ba zai so hankalinsu ya rabu ba. Ya ce sun taɓa gwada baƙon hannu, wata mata ta ƙone musu zani uku a rana ɗaya, ita kuwa Yaya hannunta daban ne, otal ɗin ma sun san gugarta. Wannan na ƙarshen da alfahari ya faɗe shi.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ko dai ta huta wata guda yanzu, ko kuma wata rana mu zauna da kai muna maganar yanke ƙafa. Ba tsoratar da kai nake yi ba."

Ya ce Allah ya kiyaye, bakina ya sari ɗanyen kashi, kuma in sha Allahu daga an gama kayan wannan makon Yaya ba za ta ƙara taɓa ruwa ba.

Makon ya ƙare, wani ya shigo. Bandeji ya ci gaba da zuwa a jiƙe. Na ce ta riƙa zuwa kullum maimakon bayan kwana biyu, sai zuwan ma ya ragu, don duk safiyar da ta zo asibiti aikin ranar na jiranta har ta koma. Na auna suganta na ga ya hau. Na tambayi abincinta, ta ce alhamdu lillahi ana ci. Da na matsa sai na gane cewa ita ke cin ƙarshe, a tsaye, abin da ya rage a tukunya, kuma ƙwan da na ce a ba ta sau biyu aka soya mata, daga nan matar Auta ta ce ta ji an ce ƙwai na sa ciwo ruwa.

Wata Alhamis da na tashi aiki da la'asar, maimakon in wuce gida sai na bi adireshin da ke katinta. Ba aikina ba ne, na sani, amma kwana biyar ban gan ta ba. Gida ne mai kyau, mai get da fenti sabo. Da na shiga tsakar gidan ban ga kowa ba sai fararen zannuwa, igiya bayan igiya, har sai da na riƙa ɗaga su da hannu ina wucewa. Siminti duk ruwan kumfa. A can ƙarshe, ƙarƙashin rumfar kwano, na same ta a gaban dogon teburin guga, gumi ya jiƙe mata ɗankwali. Ta ɗaure ƙafar da baƙar leda, ta tamke bakin da roba, wai don kada ruwa ya shiga. Robar ta nutse cikin kumburin.

Ta taga ina hango falo. Samari biyu da budurwa ɗaya, kowa a kwance a kujera da wayarsa, fanka na kaɗawa.

Matar Auta ta fito ta tarbe ni da fara'a, ta sa aka kawo mini ruwan sanyi da kujera. Ni kuwa na zaunar da Gwaggo a kujerar na tsuguna na kwance ledar. Zafi da wari suka bugo ni. Babu bandejina. An cire shi, an barbaɗa wani farin gari da ya dunƙule ya zama ɓawo, mugunya na fitowa ta ƙarƙashinsa. Matar Auta ta ce ita ta sa, garin kafso ne, wata maƙwabciya ta ce shi ke busar da ciwo. Ta ce ita a ganinta wankin da muke yi kullum ne ke hana shi bushewa, da an bar shi ya sha iska da tuni ya kame.

Na yi mata bayani cewa ɓawon nan rufi ne kawai, ƙarƙashinsa ciwon ci yake yi, kuma ledar dafa naman take yi. Na ce abin da ke hana ƙafar warkewa ga shi nan a rataye a igiya. Fara'ar ta ɗauke. Ta ce ita dai ba ta taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba, a tambayi kowa. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana zaune da dangin miji a gidanta, ɗaki guda an ware mata, ci da sha da sutura, wata matar ko wata ɗaya ba za ta yi ba. Ta ce sana'ar nan ai ta gida ce, kowa na amfana, har ita Gwaggon.

Na nuna taga na ce, "Waɗancan fa? Hannu shida ne a kwance."

Ta ce ba su iya ba. Na ce a koya musu. Ta ce ai 'yan boko ne, ba a saba musu ba, kuma budurwar fatarta ba ta son sabulu.

Duk wannan maganar Gwaggo na jan hannun rigata tana cewa in bari, Sista ki bari, ba komai. Na wanke ciwon da abin da ke jakata na ɗaure. Kafin in kai get na ji ƙarar dutsen guga ya sauka a kan zani.

Kwana tara bayan nan aka kawo ta da zazzaɓi, jiki na rawa, jan kumburi ya hau har ƙwauri. Likita ya kwantar da ita nan take. Aka sa mata ƙarin ruwa da allurai, aka shiga da ita aka kankare mataccen nama. Da aka gama, ramin ya isa in sa yatsu uku a ciki, ana hango farar jijiya a ƙasa. Na roƙi a bar mini wankin ciwonta ko da tana ɗakin kwanciya, aka bar mini.

Abin da ya faru a kwana goma sha takwas ɗin nan shi ya fi ba ni haushi in na tuna. Ba wani sabon magani muka yi ba. Ƙafa ce a kan matashi biyu, abinci sau uku a kan lokaci, suga ya sauka, bandeji a bushe. A kwana na biyar warin ya tafi. A na takwas jan nama ya leƙo daga ƙasan ramin. A na goma sha biyu ya rufe jijiyar. Jikin matar nan ba abin da ya same shi, so yake ya warke, dama kawai yake nema. Kumatunta suka ciko. Ta zama mai ba matan ɗakin dariya, tana tsokanar masu shara cewa zanin gadon asibiti ko jaki aka ba dutse zai fi haka gogewa. Ta ce rabon da ta yi barcin rana tun tana gidan mijinta.

Wata safiya ina naɗa bandeji ta riƙe hannuna, ta rage murya ta tambaye ni ko zan iya gaya wa likita kada ya yi saurin sallamarta. Na ce ai ba a ma fara maganar sallama ba, sai an yi mata dashen fata. Ta yi ajiyar zuciya. Na tambaye ta me ya sa ba za ta buɗe baki ta ce musu ba za ta iya ba.

"Sista, in na ce ba zan iya ba, me na zama a gidan? Miji ya rasu, ban haifa ba. Ɗakin nan da kika gani shi ke nan gare ni. In ina guga, Gwaggo ce ni. In na zauna, baki ne kawai da ake ciyarwa."

Na ce ai ita ta raini Auta, ta gaya mini da bakinta cewa a bayanta ya girma. Ta ce shi ya sa ba ta son a ji kansu, kada a ce ɗan da ta goya ya gaza mata.

A duk kwanakin nan sau uku Auta ya zo. Matarsa sau ɗaya, da kwanon abinci da labarin yadda kaya suka taru har otal na barazanar ba wani. Yaran ba wanda ya leƙo.

A rana ta goma sha takwas Auta ya zo da rana tsaka ya ce zai tafi da yayarsa. Likita ya ce bai sallame ta ba. Auta ya ce gida ya yi musu faɗi babu ita, yara sun dame shi da tambaya, kuma asibiti wuri ne na kwasar cuta, gara ta ƙarasa warkewa a ɗakinta. Ya ce ya riga ya yi magana da wata nas a unguwa da za ta riƙa zuwa kullum. Ya rantse cewa ko cokali Yaya ba za ta ɗauka ba. Likita ya buɗe masa ciwon ya nuna masa cewa naman nan ɗanye ne, ko gogar bandeji na sa shi jini, kwana uku a tsaye zai rushe aikin mako uku. Auta ya ce ya fahimta, ya nemi takardar da zai sa hannu.

Na ce ba shi ne marar lafiyar ba, ita za a tambaya. Na tsaya a gaban gadon yadda zan tare mata shi, na ce, "Gwaggo, in kin ce ba za ki tafi ba, babu mai fitar da ke daga nan. Ki faɗa kawai."

Ta dube ni, ta leƙa bayana ta dubi ƙaninta. Shi kuwa cewa ya yi, a hankali, "Yaya, kunyata ni za ki yi a gaban mutane?"

Ta ce a miƙo mata mayafinta.

Ranar har ita na ji haushinta. Na haɗa mata auduga da bandeji da ruwan gishiri na mako biyu, na rubuta lambata a jikin kwalin, ban iya yi mata sallama da kyau ba. Na koma ɗakin aikina na rufe ƙofa na yi ta wanke almakashin da na riga na wanke.

Ba ta dawo wankin ciwo ba ko sau ɗaya. In na kira wayar Auta sai ya ce ana samun sauƙi, nas ɗin unguwa na ƙoƙari. Da na nemi lambar nas ɗin ya ce zai turo, bai turo ba. Na sake zuwa gidan, aka ce mini ta get cewa Gwaggo na barci, alhali ina jin ƙarar ruwa a baho. Na kai maganar ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti, suka ce babba ce mai hankalinta, ita ta yarda ta tafi, kuma ba duka ba ne balle a ce an ci zarafi. Na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Bayan mako bakwai aka shigo da ita a kan gadon turawa, ba ta san inda take ba. Tun daga baranda na gane warin. Yatsu uku sun yi baƙi, bayan ƙafar ya ruɓe, baƙin ya wuce idon sawu. Likita ya duba, ya aika a shirya ɗakin tiyata. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Auta ya yi kuka a baranda, kuka na gaske da hawaye, ban ce na ƙarya ba ne. 'Yan uwa suka cika wurin, waɗanda ban taɓa gani ba. Ina wucewa ina jin sa yana gaya musu cewa ciwon suga mugun ciwo ne, babu irin ƙoƙarin da ba su yi ba, har kwanciya ta yi a nan kusan mako uku amma abin ya ƙi, ƙaddara ce. Matarsa na ƙarawa da cewa ita tun farko ba ta yarda da yawan wankin ciwon nan ba. Wata tsohuwa ta ce Allah ya saka musu da alheri, riƙon marar lafiya sai mai imani. Na tsaya da tire a hannuna na ce ba suga ne ya yanke ƙafar nan ba, wanki da guga ne. Sai wani dattijo ya ce in ji tsoron Allah, mutane na cikin jimami. Kafin a tashi aiki an kira ni ofis an ja mini kunne a kan yi wa dangin marar lafiya magana ba bisa ƙa'ida ba.

Dungun ƙafar ya warke lafiya lau. Ɗinkin bai yi ruwa ba, bai farke ba, a kwana goma sha huɗu muka cire zare, tabon ya kwanta siriri. Cikin duk ciwon da na wanke wa Gwaggo, shi kaɗai ne aka bari ya warke, don babu yadda za a tsayar da mai ƙafa ɗaya a gaban tebur. Ba ta ƙara tsokanar masu shara ba. Takan ce yatsun da aka yanke na yi mata ƙaiƙayi, ta kai hannu ta sosa katifa. Da aka sallame ta na ce a raina, to, ko ba komai yanzu za ta huta.

Wata guda bayan nan asibiti ya tura ni duba ta a gida, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka yanke. Wannan karon Auta da kansa ya buɗe mini get, da murmushi, ya ce in zo in ga abin da ya yi wa Yaya. Muka ratsa ta cikin zannuwa. A ƙarƙashin rumfa na same ta zaune a sabon keken guragu, dutsen guga a hannunta. An kira kafinta ya rage wa teburin ƙafafu, ya dawo daidai cinyarta. Guntayen katakon huɗu na jingine a bango, garin zarto bai ma gama sharuwa ba. An kuma jawo mata baho kan wani benci, yadda hannunta zai kai ba sai ta sunkuya ba.

Auta ya ce shi ya yi tunanin abin da kansa, don kada ta wahala, kuma kada zama ya sa mata damuwa. Ya ce yanzu ko tashi ba ta yi. Yana jira in yaba.

Na duba dungun, lafiyarsa ƙalau. Sai na tsuguna na ɗaga ƙafar hagu, wadda ta rage. A kan siminti take, cikin silifas, ruwan kumfa na bi ta ƙarƙashinta zuwa magudana. Na buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin ƙaramin da na kusa da shi fata ta yi fari ta tsage, tsagar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Na danna na tambaye ta ko ta ji zafi. Ta ce ba ta ji komai ba.

Na ɗaga kai na ce wa Auta ya zo ya gani. Ya leƙo daga inda yake tsaye, don kada ruwa ya taɓa masa takalmi, ya ce ai wannan ɗan ƙanƙane ne. Ya ce daga an gama kayan wannan makon zai kawo ta.

A gidan nan ba a taɓa dukan Gwaggo ba, ba a taɓa zaginta ba. Kowa na gaishe ta da safe, yara na rusuna mata, in baƙi sun zo ana nuna ta a ce ga uwarmu. Shi ya sa babu ofishin da zai karɓi ƙararta, babu ɗan uwan da zai ga laifi, ita kanta ba ta da sunan da za ta kira abin da shi. Kuma ba gidan Auta kaɗai ba ne. Kullum ina ganin su a kan bencin ɗakina, gwaggonni da innoni da yayyen da aka ba ɗaki ɗaya aka karɓe sauran ransu, suna zuwa da bandeji a jiƙe suna cewa ruwa ne ya fantsal. Ni an koya mini yadda ake taimaka wa nama ya tsiro, fata ta haɗe. Ba a koya mini yadda zan sa mutum mai lafiya ya tashi daga kujera ya karɓi dutsen guga daga hannun wadda ta goya shi ba.

Na share tsagar, na busar da ita, na sa magani na rufe. Gwaggo ta yi mini godiya, ta ce in ɗan matsa gefe, zanin da ke kan tebur ya fara bushewa kafin ta goge shi.